Wallahi ta yi araha a bakinmu

Kalmar da na fi so in daina ji a bakin yaro ɗan shekara bakwai ita ce "wallahi". Ina koyarwa a wata makarantar firamare nan Yamai, wajen Bukoki, inda yara ke kirana mushe, wato malam, kuma tun daga ƙararrawar safe har a tashi rantsuwa nake sha. "Wallahi mushe ba ni ba ne." "Wallahi bik ɗina ne." "Ƙur'an na yi aikin, kaye ɗin ne na manta a gida." Ba wanda ya tuhume su, ba wanda ya ce su rantse. Yaro zai nemi izinin fita fitsari ya haɗa da wallahi. Wata ƴar yarinya da ko haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba ta taɓa jero mini "wallahi tallahi billahillazi" a kan guntun alli.

Ban riƙe su da laifi ba, a bakinmu suka tsinta. Duk mai son ya tabbatar ya shiga taksi daga Wadata zuwa Katako ya kasa kunne. Direba na rantsuwa tun safe bai haɗa kuɗin mai ba, fasinja na rantsuwa kullum haka yake biya. In aka sauka cikin kasuwa abin ya fi haka. Mai kaya ya ce "wallahi ban sayo shi haka ba, in na ba ka na faɗi", jim kaɗan ya sallama a ƙasa da kuɗin da ya rantse a kai. Mai saye ya ce "wallahi dala ɗari ce kaɗai gare ni", da an daidaita ya zaro jikka biyar yana neman canji. Kowannensu ya ga ƙaryar ɗan'uwansa da idonsa, kuma ba wanda ya sunkuyar da kai. Su yi musafaha, su rabu da fara'a. Rashin sunkuyar da kan nan shi ke ci mini rai.

Ni a Tawa na tashi, a unguwar Bilbis, kuma na riski mutanen da ke tsoron rantsuwa. Ina yaro aka yi rikicin iyakar gona tsakanin wani ƙanen kakana da maƙwabcinsa. Itacen da aka san iyakar da shi ya daɗe da faɗuwa, dattawan da suka ga rabon gonar sun rasu, magana ta kai gaban mai gari. Da aka rasa shaida sai aka ce tsohon ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a ba shi wurin. Duk dangi sun san shi ke da gaskiya, shi ma ya sani. Ya daɗe zaune bai ce uffan ba, sannan ya ce: "In don wanga ɗan tsagi na, na bar mishi. Ba ni aza hannuna bisa Littahin Allah sabadda hatsi." Ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Ƴaƴansa sun ji zafi, har yau wasunsu na ganin ya yi sakaci da haƙƙinsu, kuma na fahimce su, don a Adar ƙasar noma ba abin wasa ba ce. Abin da nake so a gani shi ne nauyin da abin yake da shi a zuciyarsa, har ya ga asarar damman hatsi kowace shekara ta fi masa sauƙi.

Kuma ba daga kansa ya ƙago wannan tsoro ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya bi ta kan ayoyin. A Suratul Baƙara, aya ta 224, an hana mu mayar da sunan Allah abin kafa rantsuwoyinmu. A Suratul Ƙalam, aya ta 10, an ce kada a bi mai yawan rantsuwa, aka kuma haɗa shi da wulaƙanci. A Suratul Ma'ida, aya ta 89, an faɗi kaffarar wanda ya rantse ya karya: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko ƴanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Ƴan kasuwa kuma suna da nasu gargaɗin na musamman a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Rantsuwar ƙarya da gangan kuwa, malamanmu na Malikiyya sun ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. In ka tuna wa mutum waɗannan, amsar ɗaya ce: "Ai bakina ne ya saba, ba da niyya ba ne." To ai sabon shi ne abin kukan. Yaya aka yi sunan Ubangiji ya zama abin cike giɓin magana, wanda ke fita ba tare da zuciya ta sani ba?

Waɗanda suka yi wayo a watan Janairun 1994 suna tuna ranar da aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake canzawa da sefa 50 ya wayi gari sefa 100, takardar da ke aljihunka ba ta sauya kama ba amma rabin ƙarfinta ya tafi, dole ka ƙirgo biyu inda da ɗaya ta isa. Haka ya faru da wallahi. Da ta daina isa sai aka ƙara tallahi, ita ma ta gaza aka kawo Ƙur'an, daga nan aka shiga kiran bala'i a kan kai. Na ji saurayi a fada, wato majalisar hirar samari, yana cewa kada ya cika da imani in ba a ci ƙwallon nan da hannu ba. Na ji mace tana cewa kada ta ga Annabi in ba ita ta fara zuwa famfo ba. Jikina yakan yi sanyi in na ji irin wannan, don magana zarar bunu ce, kuma ba wanda ya san sa'ar da ake amsa ta.

A ajina na hana. Duk wanda ya ce wallahi sai ya sake faɗin maganarsa tsura, ba ita. Kwanakin farko yara suka riƙa sarƙewa, yaro ya buɗe baki ya rasa ta inda zai fara. Wata rana wani ɗan yaro, idonsa cike da hawaye, ya tambaye ni: "Mushe, to in ba ka yarda ba mi za ni ce?" Tambayar ta nuna mini inda ciwon yake. Yaro yana rantsuwa ne don ya saba ba a yarda da shi. A gida da ya buɗe baki za a ce "ƙarya kake, rantse", ya rantse ɗin ma a ce ba a yarda ba. Na ce masa ya faɗa sau ɗaya, ni kuma na karɓa har sai na ga saɓaninsa da idona. Wannan ya ɗora mini kaya, don dole in riƙa gaskata yara, wani lokaci kuma wani ya yi amfani da damar ya tsere wa hukunci. Na yarda da wannan asarar. Iyaye nake roƙo su daina tilasta wa ƴaƴansu rantsuwa a kan canjin cefane da guntun nama.

Ƙanwar wallahi ita ce "insha Allahu" irin ta ƴan zamani. Aya ta 23 da ta 24 a Suratul Kahfi sun koya mana kada mu ce za mu yi abu gobe ba tare da jingina shi ga nufin Allah ba. Magana ce ta wanda ya ƙudura zai yi, ya kuma san ransa ba a hannunsa yake ba. Yau a Yamai in tela ya ce maka "insha Allahu jajibiri", ka fara neman rigar da za ka sa ranar Salla. In ka gayyaci mutum suna ya ja ta da tsawo yana kallon gefe, kada ka ƙirga shi cikin masu cin tuwo. Har yara sun gane. Ɗiyar maƙwabcina ta roƙi babanta takalmi, ya ce insha Allahu, ta fashe da kuka tana cewa ita ba ta son insha Allahu, ya ce "to". Yarinya ƴar shekara shida ta riga ta koyi cewa ambaton nufin Allah yana nufin ba za a yi ba. Wa zai warware mata wannan in ta girma?

A gefenta akwai "ina bisa hanya" ta mutumin da ko wanka bai yi ba, da "ga ni nan tafe" ta mai gyaran famfo da ke Harobanda, ƙetaren gada, yana kan wani aikin. Akwai "babu matsala" da ake faɗa tun kafin a ji mene ne matsalar, da "sa ba ale" ta Faransanci, wato komai zai daidaita, da ake rufe bakin mai kuka da ita. An ce kunya ce, Bahaushe ba ya iya cewa a'a. Ban yarda ba. Harshen nan cike yake da hanyoyin ƙi masu daɗin ji. A kasuwa in tayi bai yi ba, mai kaya cewa yake "albarka", ya ƙi kuɗinka ya kuma yi maka fatan alheri a numfashi guda. In almajiri ya zo ba ka da abin ba shi, ka ce Allah shi ba mu. In an nemi rance ba ka da hali, ka ce ka so amma ba ka samu iko ba, a yi maka aikin gafara. Mai nema ya ji, ya san inda ya tsaya, ya tafi ya buga wata ƙofar tun rana ba ta yi ba. Wanda aka ce wa "babu matsala" kuwa sai ya koma gida ya zauna jira, ya wayi gari ranar biyan kuɗin haya hannu wofi. Wannan cuta ce, ko da murmushi aka yi ta.

A ofisoshi abin yana da nasa kalmomin. Wata gwaggona ta taso daga Tawa neman takardun haƙƙin mijinta da ya rasu. Tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Na raka ta wani ofis da ba zan ambata ba. Abin da muka riƙa ji shi ne "babu rezo", "patron bai nan", "ku dawo gobe". Mun yi ta dawowa, sai daga baya wata ma'aikaciya mai tsoron Allah ta ja mu gefe ta gaya mana cewa akwai takarda guda da ta rage, kuma a can Tawa ake yin ta. Tun ranar farko duk wanda ya buɗe dosiyen ya ga haka. "Ku dawo gobe" ta fi sauƙin faɗa a kan tsayawa a yi wa tsohuwa bayani, shi ke nan dalilin.

Na san masu karatu na jiran in zo kan Faransanci, tunda malamin lakkwal ne ke magana. Yawancin kalmomin aro ba su taɓa damuna ba. Lakkwal ɗin kanta aro ce, haka mushe da kaye da ardwazi da farmasi da kamiyo, sun shigo sun zauna sun zama ƴan gida, uwata da ba ta taɓa taka aji ba tana faɗinsu. Cakuɗa Hausa da Zabarmanci kuwa daɗi yake yi mini, shi ne ɗanɗanon Yamai: ka hau faba-faba, ka ce wa mai masa "fofo", ta ce maka "sannu", in zafi ya yi yawa ɗaya ya ce "kala suru" ɗaya ya ce "sai hanƙuri", kowa ya ji kowa. Ƴan cin ranin Adar da ke dawowa daga Abijan su ma sukan zo da nasu guzurin kalmomi, wasu su kama, wasu su bi iska kafin damina ta zagayo. Yaren samari na fada haka yake, kowane zamani da nasa, ba ya buƙatar a yaƙe shi.

Wanda nake so ya mutu shi ne na ƴan boko, masu jera "donk", "bon", "wala", "an tu ka", "normalman" tsakanin kowace kalma biyu, suna yi wa wanda bai je lakkwal ba magana. Tsakaninsu su yi ta yi, ba ruwana. Amma na tsaya a ƙofar gidanmu da damina na ji wani ma'aikacin lafiya yana yi wa mata bayanin maganin rigakafin masassarar cizon sauro, wanda ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata. Tsarin maganin mai sauƙi ne: na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka biyo baya uwa ce ke bayarwa a gida. Ga yadda ya faɗa: "Donk, il fo ku yi respekte doz ɗin, dimen da apre dimen, sinon tretman ɗin bai zama efikas." Matan suka ce to. Da ya wuce, wata ta juyo ta tambaye ni ko cewa ya yi a haɗa ƙwayoyin a ba yaro gaba ɗaya. Bahaushe ne, uwa da uba. "Gobe ɗaya, jibi ɗaya, kada a tsallake" ba ta fi ƙarfinsa ba. Haka ake yi a rediyo, a shirin da aka ce na Hausa ne: a gayyato masani kan taki ko kan allurar dabbobi, manomi a Keita ya kasa kunne, ya tashi da rabin zance.

Na san inda abin ya samo asali. Magabatanmu a lakkwal sun sha rataya "sambol" a wuya saboda sun yi harshen uwarsu a farfajiyar makaranta, har ya zauna a zukata cewa mai ilimi shi ne wanda Hausarsa ta gurgunce. Amma an daɗe da fara gyara. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10. Kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takarda dai ta faɗi nata. Saura ma'aikacin da zai dubi tsohuwa ya yi mata magana da abin da za ta fahimta, ko Hausa ce ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek. Abokan aikina Zabarmawa kukan da suke yi ke nan game da nasu harshen, kalma da kalma.

Akwai wasu kalmomi uku na aro da ban yafe musu ba, ko da yake da fuskar ladabi suka shigo: tonton, tanti, kuzan. Yaran Yamai yanzu duk namiji babba tonton ne, duk mace tanti ce, daga ƙanen uba har mai gadin makaranta. Na taɓa tambayar ƴan ajina wa ya san bambancin kawu da baffa, hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Alhali kowane suna da aikinsa. Kawu ɗan'uwan uwarka ne, wurinsa kake gudu in ka yi laifi a gida, shi ke da sassauci. Ɗan'uwan ubanka uba ne, yana iya yanke maka hukunci, yana iya ba da aurenka. Gwaggo tana da faɗa a ji a kan ƴaƴan ɗan'uwanta, inna kuwa uwa ce ta biyu. In yaro ya kira mutum da sunan da ya dace, ya san abin da zai nema a wurinsa da abin da zai ji tsoro.

Kuzan ta fi su ɓarna. A wurinmu ƴaƴan wa da ƙane ƴan'uwa ne, yaya da ƙane, babu wasa tsakaninsu sai girmamawa. Ɗan kawunka da ɗan gwaggonka su ne taubasanka, su kake tsokana, su kake bi kuɗin shara ranar cika-ciki, goma ga Muharram, su ne kuma ke iya gaya maka gaskiya mai ɗaci cikin raha ba ka yi fushi ba. Daga wannan wasan na cikin gida yaro ke koyon na waje, wanda ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Ba'are, ko Bafillace da Babarbare. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan nan na Nijar cikin gadon al'adun duniya, muka yi murna, ana ta bukukuwa da sunansa. To in yaro ya tashi kowa kuzan ne, ina zai gane taubashinsa? Na ga an yi faɗa na gaske a wani biki saboda wani saurayi ɗan Yamai bai san cewa matar da ta ƙwace masa hula tana neman kuɗin fansa ɗiyar kawunsa ce ba, kuma haƙƙinta take karɓa. Ya zage ta a gaban mutane. Uwarsa ta yi kwanaki tana bin gidaje tana ba da hanƙuri.

Zagi kuwa ya zama gaisuwa a wurin wasu samari. Aboki ya hango aboki ya ɗaga murya ya ambaci uwarsa, su tafa, su yi dariya. In yaro ya iya ƙwallo a ce shege ne, in ya ci jarrabawa a ce ɗan iska ne. Waɗannan kalmomi ne da a da ake kai ƙara gaban alƙali a kansu. Ba na so in saba da jinsu, kuma ba na so matan da ke wucewa da tallan kopto su saba. A ɗaya gefen ga kirarin banza: duk mai babbar riga Alhaji ne ko bai san hanyar filin jirgi ba, duk mai mota "patron" ne ko "deje", wato babban darakta. Ba girmamawa ake nufi ba, share fagen roƙo ne, kuma mai faɗa da wanda ake faɗa wa duk sun sani.

Sai gaisuwa, wadda ita ce ta fi kusa da zuciyata bayan rantsuwa. Wayata takan yi ƙara, in ɗauka, abin da zan fara ji shi ne "kana ina?" Babu sallama, babu ina kwana. A WhatsApp kuma "slm", haruffa uku, a madadin addu'ar aminci da aka umarce mu, a aya ta 86 ta Suratun Nisa'i, mu mayar da wadda ta fi ta ko irinta. Me zan mayar wa "slm"? Mutanen Tawa an san mu da doguwar gaisuwa, har ana yi mana dariya a kanta a nan Yamai, ana kwaikwayon "lahiya lau" ɗinmu. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina ɗari, ina ruwa, ina zaman duniya. A ce lokaci nai na, a ce sun yi gyara, a ce sai hanƙuri. Masu dariya suna ganin ɓata lokaci ne, amsoshin ma an san su tun kafin a tambaya. Abin da ba su lura da shi ba, mai gaisuwa muryar yake saurare. Uwata daga yadda na ce "lahiya lau" a waya take gane ko akwai abin da ke damuna, sai ta sake tambaya a karo na biyu, a hankali, kuma a nan ne gaskiya ke fita. Ban ce kowa ya tsaya jero tambaya goma a tsakiyar titi ba. Sallama cikakka da tambaya biyu ba sa cinye kuɗin waya.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne ta'aziyya. Da kawuna ya rasu a Tawa, aka sa sanarwa a zauren dangi na WhatsApp da kuma Facebook. Saƙonni suka yi ta shigowa: "RIP", "RIP tonton", hoton fuska mai hawaye, hoton hannuwa biyu a haɗe. Wasu ma ba su rubuta komai ba, hoton addu'a da aka riga aka tsara suka tura, irin wanda ake turawa kowace rasuwa, babu ko sunan mamacin. Wasu daga cikin masu turowar a gidansa suka ci tuwo shekara da shekaru lokacin da suke kolej. Matarsa ba ta karatun boko. Ta tambaye ni su wa da wa suka yi gaisuwa, na riƙa karanto mata sunaye, ta ce "mi suka ce?" Na rasa abin da zan fassara mata. Haruffa uku na wani harshe, da ba su ambaci Allah ba, ba su roƙa masa gafara ba, ba su tambayi hanƙurinta ba.

Na san zamani ya warwatsa mu. An ce zumunta a ƙafa take, amma wanda ke Abijan ko Tirabulus ko Agadas ba zai iya zuwa zaman makoki ba, wani ko kuɗin kira ba shi da su. Ba zuwa nake nema a wurinsa ba. Wayar da ya tura hoton da ita tana ɗaukar murya. Ya danna, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa don tsofaffi su gane shi, ya ambaci mamacin da sunan da yake kiransa, kawu ko baba. Ya ce Allah shi jiƙai nai, shi gafarta mishi, shi sa ya huta, shi ba mu hanƙurin rashi. Ya tambayi uwar ɗiyan ina hanƙuri. Duka bai kai minti guda ba, kuma za a kai mata wayar har ɗaki a kunna mata ta ji da kunnenta, ta amsa da amin.